Filin da aka taɓa niƙa dutsen zinare a kai, ya za a gane ko akwai gubar dalma kafin a gina makaranta?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙasa da duwatsu. Garinmu yana yankin Anka ne, ba sai na faɗi sunan ƙauyen ba. Wani dattijo ya ba da fili waƙafi a gina Islamiyya, aji uku da ɗan masallaci, sannan 'yan garinmu da ke zaune Gusau da Kaduna sun haɗa kuɗi za a saka bohal a ciki. To matsalar ita ce wanga fili, lokacin da haƙar zinare ta yi tashe, nan aka kafa injin niƙa dutse, nan ake baza garin a rana, daga gefe kuma akwai kududdufi inda ake wanke shi. Injin an ɗauke shi tun tuni, yanzu in ka je ciyawa ce ta fito shar awaki suna kiwo, ba abin da za ka gani sai 'yan gutsattsarin farin dutse da tsohon daɓen kankare inda injin ya zauna.

Mun kira mai bohal ya zo da na'urarshi, ya kakkafa ƙarafa a ƙasa ya ja wayoyi, ya gama ya ce akwai ruwa kuma ƙasar lafiya lau take. 'Yan kwamiti suka ce to shikenan tunda an auna, a fara ɗibar harsashi bayan an cire amfanin gona. Ni kuwa wallahi hankalina bai kwanta ba, duk wanda ya tashi yankinmu ya san abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara da yawa, kuma ƙauyenmu ba ya cikin waɗanda aka kwashe ma ƙasa lokacin. Da na yi magana wasu suka ce ai shekaru sun ja, ruwan sama ya wanke komai.

Tambayata, shin awon da mai bohal ya yi ya isa a ce babu guba? Da gaske ne damina tana wanke dalma? In bai isa ba mi ya kamata mu yi, wa za mu nema, kuma ruwan bohal ɗin za a iya sha? Yara ƙanana ne za su zauna wurin nan safe da yamma shi ya sa na damu.

Mai_Bohal_Funtua:

Wa alaikumus salam. Malam ni sana'ata ke nan, kuma zan gaya maka gaskiya tsakani da Allah, na'urar nan da ka gani ba ta ganin guba ko kaɗan. Abin da take yi, muna tura lantarki ta cikin ƙarafan nan zuwa ƙasa mu ga yadda yake wucewa, inda dutse ya ruɓe ko ya tsage ya riƙe ruwa lantarki yana wucewa da sauƙi, inda dutse yake a dunƙule yana turjewa. Da haka muke cewa a haƙa nan, za a sami ruwa wajen mita kaza. Iyakarta ke nan. In ya ce ƙasar lafiya lau to ƙila nufinsa ta yi kyau da haƙa, amma bai auna dalma ba don ba shi da abin aunawa.

Shawarata ta ɓangaren bohal, kar a haƙa a gangaren kududdufin, a hau sama da shi. Sannan ku tsaya a kan mai aikin ya zuba siminti ya toshe zagayen fayif ɗin daga sama zuwa 'yan mitoci ƙasa, ya yi daɓe mai faɗi da magudana da za ta kai ruwan nesa. Da yawa nan ake ha'inci, a zuba tsakuwa har baki a tafi, sai ruwan sama ya riƙa bin jikin fayif yana gangarawa da duk dattin da ke saman ƙasa. Kuma in ruwa ya fito kar a sha sai an kai shi gwaji, ko da ya fito garau.

Ɗan_Dutse:

Baban Ilham Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya tambaya tun ba a zuba tubali ba. Ni ilimin ƙasa da duwatsu na karanta, ɗibar samfurin ƙasa da ruwa kuma shi ne aikina, don haka a yi haƙuri zan ɗan yi tsawo. Abin da Mai Bohal ya faɗa haka yake ba ƙari.

Maganar damina ta wanke, a'a. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa a rana, kuma ba ta cika nutsewa can ƙasa ba, maƙalewa take a 'yan santimitocin sama musamman in akwai laka ko taki a wurin. Abin da ruwan sama yake yi shi ne ya kwashi lallausan garin ya kai shi inda ruwa ke kwanciya, wato ya sauya mata wuri ne kawai. Ciyawa kuma tana fitowa abinta a ƙasar da za ta iya kashe yaro, don haka koren filin ba shaida ba ne.

Bari in ɗan faɗi dalilin da ya sa yankinku ya fi wasu haɗari. Dutsen Anka tsohon dutse ne mai falle-falle wanda muke kira shist, zinaren kuma yana zaune a cikin jijiyoyin farin dutse da suka ratsa shi. A wasu ramukan, jijiyar da ta ɗauko zinare ita ce ta ɗauko dalma tare. Asalin ma'adinin dalmar sunansa galina, baƙi-baƙi mai ƙyalli, shi ne ma wanda ake niƙawa a yi kwalli na gargajiya. To wanda yake kusa da saman ƙasa ruwa da iska sun daɗe suna cinsa har ya rikiɗe ya koma wani nau'i fari-fari da ba ya ƙyalli, kabonet na dalma, ido ba zai raba shi da sauran garin dutse ba. Masu binciken ƙasa na Amurka, USGS, da suka gwada samfuran Zamfara sun nuna wannan nau'in yana narkewa da sauƙi a ruwan cikin mutum. Ka haɗa wannan da injin niƙan hatsi da aka riƙa niƙa dutsen a bushe da shi har ya zama gari, a cikin gari, wani lokacin a tsakar gida. Shi ya sa a 2010 yara aƙalla 400 suka rasu, kuma a wasu wuraren an auna ƙasa an sami dalma sama da 100,000 ppm (ppm na nufin kashi nawa cikin miliyan), wato fiye da kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce. Ƙasa ta yau da kullum ba ta cika wuce 50 ba.

Amma ba kowane rami ne yake da dalma mai yawa ba, shi ya sa aikin ba da na'ura yake farawa ba, da tambaya yake farawa. Ka nemi mutanen da suka yi aiki a injin nan, ku zauna a filin, su nuna maka da ƙafarsu: nan injin yake, nan ake fasa dutse da guduma, nan ake jibge buhuna, nan ake shanya, nan ake wanki, nan ake zubar da tarkacen da aka gama da shi, nan ake ƙona zaibar da ake kama zinare da ita. Ka tambaye su daga waɗanne ramuka ake kawo dutsen, shekara nawa injin ya yi, sannan ko an taɓa ɗibar ƙasar wurin ko lakar kududdufin an yi tubali ko yaɓe a cikin gari. Ka zana duk wannan a takarda ko da zanen bai yi kyau ba. In an yi ruwa ka fita ka bi sawunsa ka ga daga ina yake shigowa filin, ina yake bi, ina yake kwanciya, ka ƙara a zanen. Ka lura da irin ƙasar ma, ina ne yashi, ina ne laka, ina ne marmara ta fito. Wannan takardar ita za ta gaya maka inda za a ɗebi samfur, in babu ita sai a ɗebo daga kusurwa mai tsafta a kai gwaji a dawo ana murna alhali gubar tana can taki ashirin daga wurin.

Ɗibar kanta ba wuya. Ka raba filin gida-gida bisa zanen, wurin injin daban, mashanya daban, bakin kududdufi daban, inda za a yi ajujuwa daban, inda yara za su yi wasa daban. A kowane gida ka kankaro saman ƙasa kamar santimita 2 zuwa 5 daga wuri biyar, kusurwa huɗu da tsakiya, da cokalin roba ko na silba mai tsafta, ka haɗa a sabuwar leda mai zif, ka rubuta lamba a jiki ka rubuta lambar a zanen. Ka wanke cokalin kafin ka shiga gida na gaba. Kar ka haɗa ƙasar wurin injin da ta wurin wasa a leda ɗaya, in ka yi haka mai tsaftar za ta rage ƙarfin mai gubar sakamakon ya fito da sauƙi-sauƙi ya ruɗe ku. A wuri biyu ko uku ka haƙa ɗan rami ka ɗebi ta santimita 30 da ta kusan mita ɗaya, kowacce ledarta. Sannan, wannan mutane suna mantawa, ka je can sama da filin inda aka tabbatar ba a taɓa aikin dutse ba ka ɗebo ɗaya don a kwatanta. In dalmar ta yi yawa a samfurin sama ta yi kaɗan a na cikin rami, zubowa aka yi kuma ana iya kwashewa. In har can ƙasa da yawa kuma ta wajen ma da yawa, to filin yana kan jijiyar ne ko kusa da ita, wannan kwasa ba za ta yi magani ba sai dai a sauya wuri. Ka rufe hanci lokacin aikin, kar yara su biyo ka, kayan da ka sa kuma kar a kaɗe su a tsakar gida.

Awon kuma, mafi sauri na'urar XRF ce ta hannu, ana ɗora bakinta a ƙasa ko a jikin ledar cikin minti ɗaya ko biyu ta ba da lamba, da ita aka yi aikin kwashe ƙasa a Dareta da 'Yargalma a 2010, da Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru, sai Bagega a 2013. Ma'aikatan muhalli na jihar Zamfara suna cikin waɗanda suka yi wannan aikin tare da kamfanin TerraGraphics, don haka ka fara da ma'aikatar muhalli a Gusau, ka kai musu a rubuce da sa hannun hakimi ko dagaci. In halin tsaro bai bari wani ya zo ba, ledojin su tafi, akwai ɗakin gwaje-gwajen hukumar binciken ƙasa ta NGSA a Kaduna, akwai cibiyar CERT ta jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ka je ka tambayi tsarinsu da kuɗinsu. Ka ce a tankaɗe samfurin a auna lallausan, don shi ne yake manne wa hannun yaro.

Lambar da za ka riƙe, a aikin Zamfara duk inda dalma ta wuce 1,000 ppm kankare saman aka yi aka kwashe sannan aka zuba ƙasa mai tsafta, tsakanin 400 da 1,000 aka rufe da mai tsafta. Amurka ta daɗe tana amfani da 400 a wurin wasan yara, a 2024 suka sauko da ma'aunin tantancewa zuwa 200. Ni in makaranta ce, ƙasa da 200 zan nema.

Kawu_Na_Tudun_Wada:

Ɗan Dutse ka yi bayani Allah ya ƙara sani, amma fa ka tuna da mutanen ƙauye kake magana waɗanda da ƙyar suka haɗa kuɗin kwano. Wannan leda ashirin da kake lissafi kowacce kuɗi ce, ga motar Kaduna ga jiran sakamako. Ni a ganina a kawo tifa a zuba burji a filin gaba ɗaya, a daɓe ajujuwa da siminti, a cike kududdufin, magana ta ƙare. Gubar da aka binne ai ba za ta taso ba. Kuma a yi hattara da yadda za a kai maganar, dattijon nan don Allah ya ba da filinsa, kar a sa ya ji kamar an ce ya ba da abin cutarwa.

Maman_Sadiq:

Kawu ina gaisuwa, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce a lallaɓa dattijon, amma ta farkon dan Allah a sake dubawa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren yara nake, kuma abin da yake ba ni tsoro da dalma shi ne ba ta da alamar da uwa za ta gane da wuri. Wanda ta yi wa yawa shi ne za ka ga amai, ciwon ciki, kasala, sai jijjiga, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau ko a ce iska ce, haka aka yi ta yi a 2010 kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su lura yawan mutuwar ya wuce misali a aika jini gwaji. A Dareta da 'Yargalma binciken da aka yi ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. Kuma abin bai tsaya Zamfara ba, a 2015 ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

To wannan mai kisa ke nan. Wanda ya fi yawa shi ne yaron da ba ya ciwon komai, yana wasa yana cin abinci, amma ƙwaƙwalwar ta taɓu, a yi ta biya masa karatu ba ya zama, a ce daƙiƙi ne a yi ta dukansa, kuma wannan ba ya gyaruwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba komai, sannan jikin ƙaramin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba zai zuƙa, in yana da ƙarancin jini ko yunwa abin ya fi haka muni. Ku duba yadda 'yan Islamiyya suke mana, tabarma ce a ƙasa, ƙanin da aka goyo an sauke shi yana rarrafe a bakin aji, awara ta faɗi a ɗauka a hure a kai baki, a share aji da tsintsiya ƙura ta tashi kowa ya shaƙa. Ba sai yaro ya ci ƙasa da gangan ba.

Abin da nake so Baban Ilham ya ƙara a kan na Ɗan Dutse, in dai yara sun saba wasa a filin nan ko iyayensu suna aikin dutse har yanzu, a nemi a gwada jininsu, a fara da 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki. Akwai maganin da yake fitar da ita, ana ba wanda dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a desilita zuwa sama, amma likita ne yake bayarwa kuma ba shi da amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa shi ciwon, shi ya sa lokacin sai an kwashe ƙasar gari tukuna ake fara ba yaran garin magani. Sannan dan Allah a daina cewa a tafasa ruwa, tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma tana nan, in ruwan ya ƙone ma ƙaruwa take. Kwallin dutsen nan da Ɗan Dutse ya ambata shi ma a daina sa wa jarirai.

Ɗan_Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni abin da zan ƙara kan ruwa ne, don mu nan mun ga abin da ya isa. A Tibiri kusa da Maraɗi an yi rijiyar burtsatse mai zurfi a shekarun 1980, ruwa garau babu wari babu ɗanɗano, mutane suka yi ta sha shekara da shekaru, ashe ƙasar da ruwan ke kwance ciki tana da sinadarin fulorayid da yawa. Yara da yawa haƙoransu suka yi ja, wasu ƙafafu suka lanƙwashe, har yau akwai waɗanda ke fama. Babu wanda ya zuba guba a wurin, babu masana'anta babu haƙar zinare, daga cikin ƙasar abin ya fito. Na ji ana samun irin matsalar haƙoran nan wajen Kaltungo a jihar Gombe ma.

Don haka in za ku kai ruwa gwaji kar ku ce dalma kaɗai, ku ce a duba fulorayid, iyakarsa miligiram 1.5 a lita, a duba sinadarin asanik mai guba, a duba sinadarin naitiret da ƙwayoyin cuta. Kuma ku karɓi takardar sakamakon ku ajiye wajen kwamiti, kar ku yarda da "an duba lafiya lau" na baki. Allah shi kiyaye muna ɗiyanmu.

Baban_Ilham:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na karanta ma shugaban kwamiti duka, ya yarda a dakata da harsashi. Na kuma sami ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aiki a injin, ya ce tabbas an ɗebi lakar kududdufin an yi tubali, har ya ce katangar da ke gabas da filin da ita aka yi, wasu gidaje biyu ma sun ɗiba. Wanga ya tayar min da hankali fiye da filin. Ɗan Dutse mi za a yi da katangar? Sannan shawarar Kawu ta zuba burji, in kuɗin gwajin ya gagara ba za ta wadatar ba? Don gaskiya mafi yawan 'yan kwamiti can suka karkata.

Ɗan_Dutse:

Kawu bai yi kuskure duka ba, rufewa hanya ce da ake bi, a aikin Zamfara ma an bi ta inda lambar ba ta yi yawa ba. Inda na rabu da shi, ba a rufe abin da ba a san yawansa ba. In wurin injin yana da dubu ashirin ko hamsin ka zuba burji a kai, ranar da aka zo haƙa harsashi ko ramin masai ko dashen bishiya za a juyo da ita sama, gara da tururuwa ma suna fito da ƙasar ciki, zaizaya kuma tana cin burjin duk damina. Bayan shekara goma babu wanda zai tuna me ke ƙarƙashi. Kuma kuɗin tifofin da za su rufe fili guda da kauri mai amfani, ina kyautata zaton ya fi kuɗin gwajin, ku yi lissafin biyun ku gani. Burjin kansa sai an san inda aka ɗebo shi, a yankinku ba kowace jar ƙasa ce mai tsafta ba.

In kuɗi ya yi kaɗan a rage ledojin, kar a fasa. Shida ma za su faɗi magana: wurin injin, mashanya, lakar kududdufi, wurin ajujuwa da wasa, ta waje don kwatance, sai katangar. Ita katangar ka kankaro jikinta daga wurare da dama ka haɗa leda ɗaya, gidajen biyu kuma a roƙe su a ɗebi sharar tsakar gida da ta ɗaki, ni a wurina su ne ma na farko don can yara suke kwana. In ta fito da yawa kar a rushe ta a bushe, ƙurar ta fi katangar haɗari. Ko dai a shafe ta da siminti a riƙa gyara inda ya fashe, ko a jiƙa ta sosai a sauke a hankali a kwashe a buhu. Duk ƙasar da aka kwashe kuma ba a bayan gari ake watsar da ita ba, rami ake nema a wuri mai laka, kan tudu, nesa da rijiya da fadama da hanyar ruwa, a binne a rufe da kauri a sa alama. Wannan ɓangaren kam kar ku yi shi ku kaɗai, sai da ma'aikatan muhalli. Wani abin lura, tarkacen da ke kududdufin har yanzu da sauran zinare a ciki, in ba a yi magana da matasa ba wani zai je ya tono ya sake wankewa.

Lakar kududdufin ka ce a duba zaiba daban, na'urar hannu ba ta kama ta sosai in ba ta yi yawa ba, kuma wannan ledar kar a shanya ta a rana, a rufe a ajiye a inuwa.

Bohal kuma, a irin dutsenku ruwa a cikin tsagogi yake tafiya, ba kamar ƙasar Sakkwato ko Gwandu ba inda yake kwance cikin yashi shimfiɗa-shimfiɗa. Amfanin wannan, in an toshe sama da kyau yadda Mai Bohal ya ce, sau da yawa ruwan zurfi yana fitowa da dama-dama ko da saman ƙasa ya lalace, rijiyoyin da bakinsu yake buɗe su ne ƙura da laka suke faɗawa. Illarsa kuma, tsaga ɗaya tana iya haɗa kududdufi ko masai da bohal kai tsaye ba tare da ƙasa ta tace komai ba, don haka mita 30 da ake cewa tsakanin masai da rijiya ku ɗauke ta mafi ƙaranci, ku ƙara in fili ya bari, masan kuma ya kasance a gangare. Iyakar dalma a ruwan sha miligiram 0.01 ce a lita. A bar famfo ya yi ta zuba na ɗan lokaci kafin a ɗiba, a karɓo robar ɗiba daga wurin masu gwajin don akwai abin da suke ɗigawa a ciki, a gwada sau ɗaya da rani sau ɗaya da damina ta yi nisa. Mai haƙar kuma ka ce ya riƙa ajiye maka garin dutsen da ke fitowa duk bayan mita uku a jere a ƙasa, ka ɗauki hoto, in aka ratsa farin dutse mai baƙin ƙyalli a sanar da masu gwajin.

Kafin sakamako ya fito a kewaye wurin injin da kududdufin da ƙaya, a hana shanya hatsi ko sussuka a filin, awakin ma a kore su. Ka ɗora hoton zanen a nan in ka gama in nuna maka inda za ka ɗebi shidan.